Ƙwayar popi a kan burodi, shukarta a bayan gida: abin da dokar Gana ta ce

Wata mai gasa burodi a Aboabo, nan Kumasi, ta kawo mini tambaya. Ƴarta da ke Jamus ta aiko mata ƙwayar nan ƙanana masu launin toka da Turawa ke barbaɗawa a kan burodi, wadda suke kira popi, Larabawa kuma khashkhash. Masu saye sun so ta, ita kuma tana tunanin watsa kaɗan a bayan gida don ta huta da jiran aike. "Malam, akwai laifi?" Na ce mata, Hajiya, barbaɗawa dai ki ci gaba, amma shukawa kada ki fara.

Dalilin yana cikin tsiron kansa. Ƙwayar da ake ci da ofiyom uwa ɗaya ta haife su. Idan furen ya zube, wani ƙoƙo yake fitowa, ƙwayar tana cikinsa, farin ruwan da ke jikin ƙoƙon kuwa shi ne ofiyom, wanda ake fitar da magungunan kashe zafin ciwo masu sa maye, wato mofin da kodin, daga gare shi. Kodin ɗin nan dai da ya lalata mana samari ta hanyar maganin tari. Don haka babu wani irin popi "na abinci" da ya fita daga wannan dangi. Wasu nau'o'in sinadarinsu kaɗan ne, amma tsiro ɗaya ne.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi, wadda Gana take ciki, ta raba abin gida biyu: ta sa ido a kan tsiron da ƙoƙonsa da karansa, ta tsame ƙwayar. Shi ya sa ake cinikinta a kasuwar duniya kamar riɗi, ƙasashe irin su Cek da Turkiyya suna nomanta a ƙarƙashin ƙa'idojin gwamnatocinsu.

A nan gida, dokar da ke aiki ita ce ta 2020 mai lamba 1019, wadda ta maye gurbin dokar zamanin soja ta 1990, ta kuma mayar da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NACOB, ta zama NACOC. Ta haramta noman tsiron da ake samun kayan maye daga gare shi sai da izinin hukuma. Wurin da mutane ke ruɗewa shi ne sassaucin da ta zo da shi. An ji cewa wanda aka kama da ɗan abin da zai sha da kansa tara zai biya, tsakanin sidi 2,400 da 6,000, sai aka ɗauka komai ya yi laushi. Wannan sassauci na mai sha ne. Noma babi ne daban, kuma ɗauri ke bayansa. Jami'in da ya ga tsiron a tukunya ba zai duba tandar burodinki ya ce ai niyyarki mai kyau ce ba. Bayanin niyya sai a gaban alƙali, bayan an kwana a hannu an kuma kashe kuɗin lauya.

Wasu kuma suna kafa hujja da wiwi. Gaskiya ne dokar ta buɗe ƙofar lasisi ga wiwin masana'antu da magani wanda sinadarin mayensa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe a 2022, majalisa ta maido shi a 2023, kuma ministan cikin gida ne ke ba da lasisin. Ƙofar ta wiwi ce kaɗai, ba a ambaci popi a ciki ba.

Akwai doka ta biyu da ba a cika tunawa da ita ba, ta tsirrai da taki ta 2010, mai lamba 803. Duk irin shuka da zai shigo ƙasa yana buƙatar takardar izini daga sashen kare tsirrai na ma'aikatar noma. Ƙullin da aka aiko don miya ko burodi, da zarar an yi nufin shuka shi, ya koma iri.

Ni a ganina ma wahalar banza ce. Popi ɗan sanyi ne, a ƙasa mai sanyi yake tsira, zafi da laimar Kumasi kuwa kashe shi suke yi tun yana jariri, hunturun Disamba ma bai ishe shi ba. Kada kuma a ruɗu da haƙorin kada, ciyawar nan mai ƙaya da fure rawaya da ke fitowa a juji. Danginsu ɗaya, amma ƙwayarta guba ce.

Masu tafiya su kula da abu biyu. Saudiyya da Dubai sun hana shigar da ƙwayar kanta, ko da ta cin abinci ce, don haka alhazai da ƴan kasuwa kada su sa ta a jaka. Sannan cinta da yawa yana iya nuna alamar mofin a gwajin fitsari, abin da ya shafi mai neman aikin da ake irin wannan gwaji. Hajiyar Aboabo dai ta koma kasuwar Kejetia ta auno riɗi, ta aikon kuma tana ajiye ta don burodin sallah.