Ma'anar "juriyar sanyi" a takardar dashen wardi mai hawa rumfa

Duk wanda yake zaune a Kanada ko arewacin Amurka, in ya leƙa wurin sayar da dashe a watan Mayu, zai ga kowace tukunya an rataya mata 'yar takarda. Hoton fure a sama, suna a ƙasa, sai wata kalmar Turanci da ake furta ta "hadi", da lamba a gefenta: zon 3, zon 4, zon 5. Mutanenmu da yawa kan ɗauka kalmar na nufin tsiron ƙaƙƙarfa ne, ba ya saurin mutuwa. A bakin masu lambu na ƙasashen sanyi kuwa ma'anarta ɗaya ce tak: iyakar sanyin da tsiro zai iya ɗauka yana dashe a waje, ya kuma farfaɗo idan hunturu ya wuce. Ba ruwanta da fari, ba ruwanta da zafin rana ko cuta. Ni "juriyar sanyi" nake ce mata, lambar kuma in ce "shiyya".

Lambar daga taswira ta fito. Ma'aikatar noma ta Amurka ta fara buga tata a 1960, ta sabunta ta a 1990, da 2012, da kuma 2023. Yadda ake lissafin ba wuya: a kowane gari a ɗauki dare mafi sanyi na kowace shekara, a tara na shekara 30, a fitar da matsakaici. Taswirar 2023 da alƙaluman 1991 zuwa 2020 aka yi ta. Shiyya 13 ce, ta 1 ita ce mafi sanyi, kuma tsakanin kowace da mai bi mata digiri 10 ne a ma'aunin Faranhait, wato wajen biyar da rabi a na Salsiyos. An kuma raba kowace gida biyu, "a" mai ɗan fin sanyi da "b". A ma'aunin Salsiyos, shiyya ta 5 takan sauka tsakanin digiri 23 da 29 ƙasa da sifili, ta 4 tsakanin 29 da 34, ta 3 kuwa har 40, inda ma'aunan biyu suke haɗuwa a lamba ɗaya. Birnin New York yana shiyya ta 7, Minneapolis ta koma 5a a sabuwar taswira bayan ta daɗe a 4b, Winnipeg kuma wajen ta 3 take.

Akwai tarko ɗaya ga mazauna Kanada. Ƙasar tana da tata taswirar tun 1967, wadda ba sanyi kaɗai take dubawa ba, har da zurfin dusar ƙanƙara, da ƙarfin iska, da ruwan sama, da yawan kwanakin da ba a daskarewa. Lambobin biyu ba sa daidaita. Ottawa, inda nake, a taswirar Kanada shiyya ta 5 ce, amma da ma'aunin Amurka galibi a ta 4 ake lissafa ta. Dashe da yawa kuma daga Amurka ake kawo su da takardunsu. Sai mutum ya ga 5 a takarda, ya san garinsu ma 5 ne, ya biya kuɗi hankali kwance. A Ingila wani tsarin ne daban, daga H1 zuwa H7, inda H7 ke nufin tsiron yana jure abin da ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Wanda yake Kano ko Jos kuwa lambar nan ba ta da abin da za ta faɗa masa, don ƙasarmu ba ta daskarewa. Matsalar wardi a can zafi ne da ruwa.

To amma ba lissafin taswira ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wani abu ne da takardar ba ta faɗi, wanda ya ci mini shekara uku.

Na kafa 'yar rumfar katako a ƙofar lambun bayan gida, tsayinta mita biyu da 'yan kai, faɗinta bai fi mutum biyu su gifta ba, samanta a lanƙwashe kamar bakan ginin soro. Na sayo wardi mai hawa, ja wur, takardarsa ta ce shiyya ta 5. Kafin Satumba ya kamo kafaɗata. Da Afrilu ya zo, dusar ƙanƙara ta narke, na fita na tarar da kowane kara ya yi baƙi ƙirin tun daga sama. Na sa farce na kankare bawon, ciki ruwan ƙasa, a bushe. Na yi ta bi ina kankarewa har na iso wajen taƙi ɗaya daga ƙasa, daidai inda dusar ta rufe, nan ne na ga kore. Na datse, ya sake tohowa daga gindi, ya sake kamo kafaɗa, hunturu ya sake mayar da shi taƙi ɗaya. Haka har sau uku. Wardin bai mutu ba, takardar ma ba ta yi ƙarya ba, amma saman rumfar ko ganye ɗaya bai taɓa gani ba.

Ashe juriyar iri biyu ce. Akwai juriyar gindi, akwai juriyar kara. Lambar da ke takarda sau da yawa ta gindi take nufi: saiwa za ta rayu, tsiro zai dawo. Ga wardin da ake so ya tsaya gajere a bakin hanya, wannan ya wadatar, don a sabon toho yake fure. Mai hawa kuwa dukiyarsa tsofaffin kararensa ne. Shekara biyu zuwa uku yake yi yana miƙa su, a jikinsu ne ƙananan rassa masu fure suke fitowa. In kowace shekara daga ƙasa zai fara, har abada ba zai rufe rumfa ba. Saboda haka tambayar da za a yi wa mai sayarwa ba "zai rayu?" ba ce. A ce masa: a garin nan, ba tare da an rufe shi ba, karansa yana kaiwa Afrilu da rai har sama?

Yana da kyau a san yadda sanyin yake kisa, don daga nan ake gane sauran. Idan kwanaki suka fara gajarta da kaka, tsiron da ya san hunturu yakan daina girma, ya rage ruwan da ke cikin ƙwayoyin jikinsa, ya tara sukari. Ƙanƙara in ta taru a tsakanin ƙwayoyin, zai iya ɗauka. In ta taru a cikinsu, sai ta yaga su, kamar yadda kwalbar da aka cika da ruwa take fashewa a firiza. Yawancin wardin zamani masu yin fure a kai a kai sun gaji wannan halin ne daga wardin ƙasar Sin da aka kai Turai a ƙarshen ƙarni na 18, kuma tare da shi suka gaji rashin sanin lokacin tsayawa. Sanyi yakan riske su suna tsakar fitar da ɗanyen toho. Shi ya sa masu lambu a nan ba sa ba wardi taki bayan ƙarshen Yuli.

Sai iska. Ƙasa ta daskare, saiwa ba ta iya sha, iskar Janairu kuma tana ta tsotse kara, yadda hunturunmu yake fasa leɓe da diddige. Dusar ƙanƙara bargo ce ga duk abin da ta rufe, amma karan da aka ɗaure a saman rumfa yana mita biyu a sararin Allah, babu abin da ya kāre shi. Ga kuma ranakun Maris, da rana ta ɗumama bawo da azahar, dare ya sake daskarar da shi. Duk wannan babu shi a lissafin taswira. Kuma lambar matsakaici ce, ba iyaka ba. Wasu shekarun sai sanyi ya zarce ta. Ni kam shawarata, in dai mai hawa ne, a nemi wanda lambarsa ta gaza ta garinku da ɗaya. Mazaunin shiyya ta 4 ya nemi na 3.

Akwai wadda ta ba da rayuwar aikinta ga wannan matsala, kuma a garin nan ta yi. Felicitas Svejda haifaffiyar Vienna ce ta 1920, ta zo Kanada, a 1961 aka ɗora mata aikin wardi a babbar gonar gwaji ta gwamnati da ke tsakiyar Ottawa. Hanyarta ba sassauci: ta shuka 'ya'yan da ta haɗa a fili, ba rufi da hunturu, ba feshin magani, wanda ya tsira shi za a ci gaba da shi. Ta yi amfani da wani wardin daji na gaɓar tekun Japan da maƙwabtanta, da kuma irin da Wilhelm Kordes ya fitar a Jamus. Abin da ya fito shi ne jerin da ake kira Explorer, masu sunayen matafiyan Turai da suka kewaya Kanada. Ta rasu a 2016, amma a ƙarshen Yuni in ka je gonar za ka tarar da su cikin fure.

A cikin masu hawansu, William Baffin na 1983 shi ne gwarzo. Karansa yana rayuwa har a shiyya ta 3, furensa ruwan hoda mai duhu, cuta ba ta cika kama shi ba. Duk da haka ba zan sa shi a ƙaramar rumfa ba. Yakan kai mita uku, kararensa masu kauri ne, ba sa lanƙwasuwa da daɗi, ga ƙaya. A ƙofar da mutum zai bi da mayafi ko babbar riga, ko yara su ratsa a guje, kullum sai an yi ta fama. Wurinsa doguwar danga ce ko bangon gareji. John Cabot na 1978 ma kusan haka yake wajen girma. Henry Kelsey na 1984 ja ne mai kyau da rawaya a tsakiya, sai dai ciwon baƙin ɗigo na ganye ya fi damunsa. Quadra na 1994 ja ne mai duhu, furensa cike, bai kai su Baffin tsawo ba, ya dace da gajeriyar rumfa.

Wanda na zaɓa John Davis ne, na 1986. Mita biyu zuwa biyu da rabi yake yi, daidai rumfar ke nan. Kararensa jajaye ne, masu laushi, suna bin hannu. Furen ruwan hoda ne, ninki kan ninki, yana zubowa tuli daga ƙarshen Yuni, daga baya ya ci gaba kaɗan-kaɗan. Abin da aka rasa a yawancin wannan jeri shi ne ƙamshi. Wanda hancinsa ya saba da turaren wardi zai kai fuska ya ji kusan shiru, kuma wannan rashi ne na gaske. Mazaunin New York ba sai ya haƙura da haka ba: zai iya dasa Zéphirine Drouhin, tsohon irin Faransa na 1868, wanda ba shi da ƙaya, ƙamshinsa kuma yana cika tsakar gida. New Dawn na 1930, wanda shi ne tsiro na farko da aka yi wa rajistar mallaka a Amurka, yana jure shiyya ta 5, amma girmansa sai ya danne ƙaramar rumfa.

Saura batun aure. Mun san mangwaro mai aure, to wardi ma haka ake yi masa: sama iri ɗaya, gindi wani iri. Mahaɗar nan, wani ɗan kumburi a saman saiwa, ita ce sanyi ya fi saurin kashewa. In ta mutu, gindin ne zai toho, kuma a Amurka galibi wani iri ne da ake kira Dr. Huey. Mutum ya dasa fari ko ruwan hoda, bayan mugun hunturu ya ga ja mai duhu da ke fure sau ɗaya a shekara, ya rasa yadda aka yi. Maganin shi ne a nemi wanda ba a yi wa aure ba, wanda yake kan saiwarsa. Ko sanyi ya cinye shi har ƙasa, abin da zai dawo shi ne dai abin da ka saya. Irin Explorer da yawa haka ake sayar da su, sai dai a tambaya. In mai aure kaɗai aka samu, a binne mahaɗar santimita 5 zuwa 10 a cikin ƙasa.

Wardi ba ya hawa da kansa kamar soso ko duma, don ba shi da zaren da yake naɗe abu. Ɗaure shi ake yi. Karan da aka bari ya miƙe tsaye a can ƙolinsa kawai zai yi fure, ƙasa ta zama fayau. Wanda aka kwantar ko aka karkatar, kowane ido a jikinsa sai ya farka ya fitar da reshe. Don haka nake naɗa nawa a jikin ginshiƙi kamar rawani, ina ɗaurewa da tsumma mai laushi, sako-sako yadda ɗan yatsa zai shiga. Gindi ɗaya a kowane gefe ya isa, a wurin da rana ke samu aƙalla awa shida.

Afrilun da ya biyo hunturunsa na uku, na ɗauko tsani na hau, na kankare bawon karan da ya fi kowanne nisa, can kan bakan rumfar. Santimita kaɗan ne a baki suka bushe. Daga nan zuwa ƙasa kore ne shar, da danshi a farcena, idanun kuma sun fara kumbura jajaye.