Harajin sayar da gidan mamaci da ke cikin amana a Amurka

Magada da yawa a Amurka sun daɗe suna zaton idan suka sayar da gidan da mahaifinsu ya sanya a amana (wato tsarin doka da ake damƙa kadara a hannun amintacce ya riƙe ta domin magada), za su biya harajin riba a kan duk ƙarin darajar da gidan ya samu tun ranar da aka saye shi. Wannan tsoron kan sa wasu su riƙe gidan da ba su da ikon kula da shi.

Sashe na 1014 na dokar harajin tarayya ya tanadi cewa darajar kadara a ranar rasuwar mai ita ce ake ɗauka a matsayin kuɗin sayenta. A misali, idan mahaifi ya sayi gida dala 90,000, ya rasu gidan yana da darajar dala 400,000, sannan aka sayar dala 410,000, ribar da haraji ke hawa kanta dala 10,000 ce kawai. Shi ya sa nake ganin wajibi ne amintaccen da ke riƙe da amanar ya sa ƙwararre ya kimanta gidan a rubuce bisa ranar rasuwa.

Sai dai wannan rangwamen ya shafi amanar da marigayi ke da ikon warwarewa yana raye. Amanar da ba ta warwaruwa, wadda ta fitar da gidan daga dukiyar da ake lissafa wa mamaci, ba ta samun wannan rangwamen, kamar yadda hukumar haraji ta IRS ta tabbatar a 2023.