Afdet ɗin famwayar had-dis: zai ƙara gudu ne ko zai janyo min asara?

Salamu alaikum jama'a. Tambayar nan ta famwaya tana yawan zuwa min a shago nan Computer Village, Ikeja, musamman daga 'yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 masu sayen laftof tokumbo, to na ga gara in haɗa waɗanda aka fi yi in amsa su wuri ɗaya, don akwai wanda ke shirin yin abin nan alhali ba ya buƙata, akwai kuma wanda ya kamata ya yi tun tuni bai ma san da zancen ba.

Oga wai mece ce famwayar nan, ba Windows ba ce?

A'a ɗan'uwa, ba ita ba ce. Ka ɗauki had-dis ka juya cikinsa, za ka ga wani koren allo a ƙasa da ƴan cif-cif a jiki. Wannan allon ƙaramar kwamfuta ce mai zaman kanta, famwaya kuma ita ce manhajar da kamfani ya zuba mata tun daga masana'anta. Ita ke cewa faifan da ke cikin had-dis ɗin ya fara juyawa, allurar da ke karatu da rubutu a kansa ta je wuri kaza ta karanto, in wani gurbi ya lalace a mayar da kayan wani gurbin na ajiya. A SSD kuma, wato ma'ajiyar da ba ta da faifai sai cif-cif kawai, ita ke rarraba rubutu a kan cif ɗin don kar wani ɓangare ya riga wani tsufa.

A had-dis mai faifai, kaɗan daga cikinta ne ke kan allon, sauran tana kan faifan kansa a wani ɓoyayyen wuri da Windows ba ta gani, shi ya sa ko fomatin ka yi ba ka taɓa ta ba. Kuma shi ya sa in allo ya ƙone ba a ɗauko na wani had-dis a ɗaura kawai, sai ka ga mai gyara ya kunna na'urar iska mai zafi ya ɗago wani ɗan cif mai ƙafa 8 daga tsohon allon ya mayar kan sabon, don bayanan da suka dace da wannan faifan suna cikinsa.

To in na yi afdet laftof ɗina zai ƙara gudu?

Gaskiya mafi yawan lokaci ba za ka ga bambanci ba, kuma ina so a ji wannan da kyau don nan ne ake yaudarar mutane a karɓe musu kuɗi. Had-dis ɗin laftof yawanci yana juyawa sau 5400 a minti, na tebur 7200, wannan aikin mota ce ta ƙarfe ba na manhaja ba, babu famwayar da za ta mayar da 5400 ta koma 7200. Irin waɗannan da ƙyar suke wuce megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa, alhali SSD na SATA, wato mai baki irin na had-dis, yana kai wajen 550, na NVMe kuwa, wato sabon samfuri mai sauri, dubbai yake yi. In gudu kake nema Alhaji, kuɗin da za ka ba wani ya maka afdet ka tara ka ƙara ka sa SSD, ranar za ka ga Windows ta buɗe kafin ka gama gyara zama.

Inda afdet ke dawo da gudu shi ne in dama kuskuren famwaya ne ya cinye gudun. Misali Samsung 840 EVO, wanda har yanzu ana samunsa cikin tsofaffin laftof, an gano cewa fayil in ya yi watanni a ajiye ba a sake rubuta shi ba, karanta shi sai ya koma tafiyar hawainiya. Samsung sun fitar da gyara a 2014, matsalar ta dawo wa wasu, suka sake fitar da wata famwayar a 2015 wadda ke sabunta tsofaffin bayanai a ɓoye lokaci-lokaci. Mai irin wannan in ya yi afdet zai ga canji sosai, amma ka lura gudunsa na asali aka dawo masa da shi, ba a ƙara masa komai a kai ba.

Kenan ba ta da wani amfani?

Tana da shi mana, babba ma, amma wajen kawar da kuskuren da zai iya kashe na'urar gaba ɗaya. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 an yi ta fama da Seagate Barracuda 7200.11 mai famwaya SD15, mutum ya kashe kwamfuta lafiya lau da dare, da safe ya kunna kwamfutar ta ce ba ta ga had-dis ba sam. Faifan lafiyarsa ƙalau, kayanka suna ciki, famwayar ce kawai ta maƙale saboda wani lissafi da take ajiyewa ya tsaya kan lambar da ba ta iya wucewa daidai lokacin da aka kashe wuta. Gyaran shi ne SD1A, kuma dole sai kafin ya maƙale ake sa shi, in ya riga ya maƙale sai an kai wa masu kayan aiki.

Crucial m4 shi kuma da ya cika awa 5184 yana aiki sai kwamfuta ta fara kawo shuɗin allo duk bayan awa ɗaya, famwaya 0309 ta 2012 ta gyara. Wanda ya fi shafarmu mu mutanen Legas shi ne Intel 320 na 2011, in wuta ta ɗauke ba zato sai SSD ɗin ya tashi yana nuna megabait 8 kacal, duk abin da ke ciki ba ya ganuwa. Ka duba sau nawa ake ɗauke wuta a unguwarku a yini. Mafi muni kuma a 2019 kamfanin HPE ya yi gargaɗi cewa wasu SSD na sabobi, wato manyan kwamfutocin kamfanoni, za su mutu murus da sun cika awa 32,768, wato shekara 3 da kwana 270 da awa 8, kuma ba a iya ceto kayan ciki, sai dai a sa famwaya HPD8 kafin lokacin ya cika. Kar a ce zancen da ne, a 2023 ma an yi ta gargaɗin masu Samsung 980 Pro su sa sabuwar famwaya, don yana kullewa ya daina karɓar rubutu.

Don haka ni abin da nake ce wa mutane, ka binciki lambar na'urarka, in kamfani ya ce akwai matsala sananniya ka yi afdet ba jira. In ba a ce komai ba kuma tana aiki lafiya, ƙyale ta.

Malam nawa yana ƙara kas-kas-kas kuma yana daskarewa, in yi masa?

Dan Allah kar ka yi, ina roƙonka. Wannan ƙarar yawanci allura ce ke neman wuri ta kasa samu, ko fuskar faifan ta fara lalacewa, ciwon jiki ne ba na manhaja ba. Ka tuna na ce wani ɓangare na famwaya a kan faifan yake zaune, to ka ga kana so ka rubuta abu mafi muhimmanci da allurar da ta riga ta gaza, in ta tsaya a tsakiya shi ke nan. Abin yi shi ne ka kwashe kayanka yanzu-yanzu, ka fara da wanda ba za ka iya sake samu ba, takardun kasuwa, hotunan iyali, littafin bashi.

Ka sauke CrystalDiskInfo, kyauta ne, zai nuna maka lafiyar na'urar. In ya yi ruwan ɗorawa ka duba layin 05 da C5 da C6, waɗannan ke ƙirga gurabun da suka lalace ko suke shirin lalacewa, in lambar tana hawa to nemi wani. In kuma C7 ne kaɗai ke hawa, sau da yawa wayar SATA ce ko bakin da take shiga, kuma da laimar Legas da iskar gishirin nan bakin waya yana saurin yin tsatsa, canza waya kawai sai ka ga an zauna lafiya.

Ina zan samo ta, a wajen masu zuba manhaja a filashi?

A'a. Daga shafin kamfanin da ya ƙera kawai. Samsung suna da Magician, Crucial suna da Storage Executive, Seagate kuma za ka sa lambar siriyal a shafinsu su gaya maka ko akwai sabuwa. Amma in had-dis ɗin tare ya zo da laftof na HP ko Dell ko Lenovo, sau da yawa famwayarsa ta musamman ce, sai ka je shafin masu laftof ɗin. Lambar samfuri ta zama daidai harafi da harafi, kusan daidai ba ya yi a nan.

Na waje mai shiga ta USB fa? Yawanci afdet ba ya wucewa ta akwatin, kar ka wahalar da kanka.

In NEPA suka ɗauke wuta ana cikin yi fa?

Wannan shi ne babban abin tsoro a garin nan. Aikin ba ya daɗewa, minti kaɗan ne, amma a cikin waɗannan mintocin ana goge tsohuwa ana rubuta sabuwa, in wuta ta yanke na'urar na iya tashi ba ta da ko ɗaya. Mai laftof ya cika batir, ya bar caja a jiki, kuma ya tabbatar batirin na riƙe wuta da gaske don tokumbo da yawa kana zare caja suke mutuwa. Mai kwamfutar tebur kar ya fara sai da UPS ko inbata, kuma ba a lokacin da ake shirin juyawa daga wutar gwamnati zuwa janareto ba. Ka kwafe kayanka a wani wuri tukuna ko da kamfani ya ce ba za a goge komai ba. In kana da BitLocker, wato tsarin Windows mai kulle bayanan had-dis da makulli, ka dakatar da shi ka rubuta makullinsa a takarda. In allo ya yi kamar ya tsaya kar ka danna maɓallin kashewa, ka ba shi lokaci.

Yaya ni kam na riga na yi, yanzu kwamfuta ba ta ganinsa, ya zan yi?

Sannu ƙanwata, Allah ya sawwaƙe. Kashe ta gaba ɗaya, zare caja, bari ta ɗan huta sannan ki kunna, don wasu sai an yanke musu wuta ɗungurungum sabuwar famwayar ke zama. Ki shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta buɗe, ki ga ko sunan had-dis ɗin ya fito. In ya fito kar ki yarda Windows ko wani ya ce a yi fomatin, kayanki na iya kasancewa suna nan. In bai fito ba ki daina kunnawa da kashewa, kuma kar ki bari kowa ya kwance murfin had-dis mai faifai a kan teburin shago, ƙura kaɗan ta isa ta ɓata shi. Ki nemi masu aikin ceto bayanai na musamman, ki gaya musu lambar samfurin da lambar famwayar da kika sa, kuma ku yi ciniki kan cewa sai kin ga fayilolinki sun buɗe sannan ki biya cikon kuɗi.