Haɗa AI da manhajar cinikin gidan abinci: amsoshin tambayoyin da na gaji da ji

Sana'ata saka wa gidajen abinci manhajar ciniki, daga Agege zuwa Obalende, har Mile 12 idan an biya kuɗin mota. Tun da aka fara zancen AI, wato ƙirƙirarriyar basirar na'ura, ban huta ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a teburin mai shayi a tare ni, wani ma sai tsakar dare yake tuna yana da tambaya. Ga amsoshin wuri guda. Duk wanda ya sake tambayata, wannan zan turo masa.

Ina da POS, za ka haɗa min da AI?

Wane POS ɗin? Abin da muke kira POS a Legas shi ne 'yar na'urar Moniepoint ko OPay ko PalmPay da ake zura kati. Ita kuɗi ta sani, ba ruwanta da ko tuwo aka ci ko masa. Abin da ake haɗa AI da shi daban ne: manhajar da kashiya ke dannawa, mai jerin abinci da farashi, mai fitar da takardar oda zuwa kicin, irin su Loyverse ko Odoo. Idan har yau littafi da biro ne lissafinka, Alhaji, babu abin da za a haɗa. Fara saka manhajar tukuna.

Mene ne bambancinsa da ChatGPT?

Wanda ka saba da shi hira kuke yi, ya ba ka amsa, shi ke nan. Wannan ɗan aike ne. An ba shi hannu: ya duba ko akwai sauran farfesu, ya rubuta oda, ya tura kicin. Mai baki idan ya yi kuskure dariya za ka yi. Mai hannu idan ya yi, nama ne ya tafi.

Ta ina yake shiga manhajar?

Ta API. Ɗauke ta a matsayin tagar da masu manhaja suka bari don wata manhaja ta miƙo saƙo ta karɓi amsa. Tagar tana da mabuɗi, wasu dogayen haruffa da lambobi. Wanda ya riƙe su ya riƙe shagonka. Na taɓa ganin an rubuta su a takarda an manna jikin firiji kusa da lambar mai kawo gas. Kada in sake gani. Idan kuma manhajarka ba ta da API, to a canza ta, ba gardama.

Na ga wani bidiyo Bature ya haɗa nasa cikin minti goma.

Na gani ni ma. Da manhajar ciniki ta Square ya yi, kuma Square ba ya karɓar kuɗi a Najeriya. Wuce.

To in bar shi ya karɓi oda ya kuma tabbatar an biya, ni in kwanta?

Nan ne zan zauna, don amsar ba e ko a'a ba ce. Ya danganta da irin abincinka, da yadda ake biyanka, da kuma asarar da za ka iya haɗiyewa ba ka kori kowa ba.

Mu raba aikin. Akwai dubawa: nawa ne jallof da kaza, kun buɗe, akwai sauran miyar taushe? Wannan bar masa tun yau, amma da sharaɗi. Daga manhaja zai karanto farashin duk lokacin da aka tambaya, ba daga abin da aka faɗa masa makon jiya ba. Kowa ya san buhun shinkafa ba ya zama wuri ɗaya. Kuma idan kicin ba sa danna cewa abu ya ƙare, zai ci gaba da sayar da farfesun da aka wanke tukunyarsa tun la'asar. Wannan ba laifin na'ura ba ne, laifin yaranka ne.

Sai rubuta oda. Ni dai ina barinsa ya rubuta, amma odar ta tsaya a gaban kashiya ta danna kafin ta faɗa kicin, aƙalla makonnin farko. Dalilina na farko shi ne yadda muke sayen abinci. Manhajojin nan an gina su a kan faranti ɗaya, farashi ɗaya. Mu kuwa cewa muke a ba mu tsire na dubu uku, shinkafa ta dubu biyu, a ƙara nama biyu, a raba miya. Idan ba a zauna an tsara wannan a cikin manhaja ba, ɗan aiken zai yi hasashe, kuma zai yi shi da cikakken ƙarfin gwiwa. Dalili na biyu sabis. A wani gidan abinci da na yi wa aiki a Agege, ɗan aiken ya tura odar masa da miya, sabis ya ɗauke kafin manhaja ta ce ta karɓa. Shi a ganinsa ba ta shiga ba, ya sake turawa, ya sake. Firintar kicin ta fitar da takarda uku, aka zuba leda uku, mai mashin ya zo ya ɗauki ɗaya. Hajiya ta kira ni da ƙarfe goma na dare, abin da ta faɗa ba zan maimaita ba. Maganinsa a ba kowace oda lambarta tun daga farko, yadda ko sau goma aka turo, manhaja ta gane guda ce. Tambayi wanda zai haɗa maka ko ya yi wannan. Idan ya tsaya sosa ƙeya, nemi wani.

Sai kuɗi. A nan ba na sassauci sosai. Kada ɗan aiken ya taɓa rubuta an biya don an turo masa hoton rasit. Alat na bogi ba baƙo ba ne a garin nan, kuma shi AI hoton zai karanta ya ce adadi ya yi daidai. Tabbacin biya daga kamfanin da ya karɓi kuɗin zai fito kai tsaye zuwa manhajarka. Paystack da Flutterwave duka suna turo irin wannan saƙon idan kuɗi sun shiga. Idan kuwa tiransifa ake yi zuwa asusunka na kanka, alat ɗin yana shiga wayar da ke aljihunka, to mutum ne zai duba, ba yadda za a yi.

Ragi da mayar da kuɗi da canza farashi kuma, kada a buɗe masa ƙofarsu kwata-kwata. Ba wai a gaya masa kada ya yi ba. A hana mabuɗinsa ikon yi. Shi da magana ake juya shi. Wani zai rubuto cewa shi ƙanin Alhaji ne, an ce a ba shi a rabin kuɗi, ko ya tsara masa dogon labari har ya yarda. Yaronka na shago ya san fuskar ƙanin Alhaji. Wannan bai sani ba.

Za a iya kaiwa inda odar da aka riga aka biya za ta wuce kicin ba tare da kowa ya danna ba? Ƙwarai, idan jerin abincinka a tsare yake kuma kun yi wata guda kuna duba abin da ya rubuta ba ku ga ɓarna ba. Ko a nan ɗin ma ni nakan sa iyaka: oda ta wuce wani adadi, kamar abincin suna ko walima, sai mutum ya gani. Kwanciya kuma, Alhaji, rage buri.

Da WhatsApp ɗin da nake amfani da shi za a yi?

Ba ta bayan gida ba. Akwai hanyar da Meta, mai WhatsApp ɗin, ta tanada wa 'yan kasuwa, ana rajista, ana biya. Masu haɗa maka ta ɓarauniyar hanya a araha, ranar da aka rufe lambar da duk kwastomominka suka sani ba za su ɗaga waya ba.

Yana jin Hausa?

Rubutacciya yana ƙoƙari. Saƙon murya daga cikin hayaniyar Oshodi, rabi Hausa rabi Burokin, an sirka da Yarabanci, nan kam yana tuntuɓe. Ku kwantar da hankali, akwai dabara: a sa shi ya maimaita odar a rubuce da jimillar kuɗi, sai kwastoma ya ce e kafin a ci gaba.

Zan iya sallamar kashiya?

A'a. Wa zai danna?

Haraji fa?

VAT kashi 7.5 ne tun 2020, Legas kuma tana da nata kashi 5 a kan abincin gidajen abinci da otal. Abin da ya hau kanka akantanka zai faɗa maka, a saka shi cikin manhaja sau ɗaya. Manhaja ce za ta yi lissafi, shi ya karanto jimilla. Kada a bar shi yana tarawa da ka.

Idan an ɗauke wuta ko data ta ƙare?

Ɗan aiken a intanet yake zaune, ba a shagonka ba. Zai ci gaba da amsa wa mutane alhali firintarka a mace take. Sai a tsara cewa idan bai ji amsar manhaja ba, ya daina karɓar oda ya ba da lambar da za a kira. Sayi layi na biyu, MTN ya faɗi ka koma Airtel, ka kuma jona na'urar intanet ɗin da ƙaramin batir don kafin a tada janareto.

Lambobin kwastomomi da adireshinsu fa, zan iya ba ɗan'uwana mai sayar da turare?

Haba Hajiya. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, da hukumar NDPC da ke kula da ita. Matar da ta ba da adireshinta a Idi-Araba don a kai mata tuwo ta bayar, ba don a riƙa damunta da tallar humra ba. Shi ma ɗan aiken a ba shi abin da odar yau take buƙata kawai, ba tarihin kowa ba.

Nawa za ka yi min?

Turo min hoton jerin abincinka da sunan manhajar da ke kan teburin kashiya. Ba hoton na'urar OPay ba, don Allah.