Aya ta 19 ta dokar FIFA: abin da ta tanada kan fitar da yaro waje don buga ƙwallo

A Damagaram, daga Birni zuwa Zango har Garin Malam, kowace unguwa tana da yaron da ƴan fada ke cewa ƙafarsa ta fi ƙarfin garin. Irin wannan yaron dillali yake nema. Yakan sallama wa mahaifi da takarda mai tambarin wata ƙungiya ta Turai ko ta ƙasashen Larabawa, ya ce an ga wasan ɗansa an yaba, saura kuɗin fasfo da biza da tikitin jirgi. Kafin mahaifi ya ɗaga gona ko ya kai shanu kasuwa, ya kamata ya san cewa hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, tana da doka a kan wannan tafiya, kuma a mafi yawan lokuta dokar ta haramta abin da dillalin yake tallatawa.

Dokar tana cikin kundin da ke tsara matsayin ƴan wasa da sauya shekarsu, a aya ta 19, kuma an fara kafa ta a shekarar 2001. Asalin hukuncinta gajere ne: ba a mayar da ɗan wasa daga ƙungiyar wata ƙasa zuwa ta wata ƙasa sai ya cika shekara 18. Haramcin ya haɗa da yaron da bai taɓa yin rajista a ko'ina ba, idan aka kai shi ƙasar da ba tasa ba don a yi masa lasisi na farko, sai fa in ya riga ya zauna can shekara 5 a jere. Wata ƙasa kuwa ba Faransa ko Beljiyam kawai ake nufi ba. Yaron da ya bar Damagaram ya shiga ƙungiya a Kano, ko da gidan kawunsa ya sauka, ya ƙetare iyaka a idon doka, domin ya fita daga hannun FENIFOOT, hukumar ƙwallon Nijar, ya shiga hannun hukumar ƙwallon Najeriya.

Ayar ta bar ƙofofi 5 a buɗe. Ta farko ita ce iyaye su ƙaura zuwa ƙasar saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba, kamar aiki ko karatu. A nan aka fi yin dabara, inda ƙungiya kan sama wa mahaifi aikin gadi ko na tuƙi don a ce ƙaura ce ta kawo yaron, shi ya sa masu bincike ke duba wanne ya riga, aikin uban ko sha'awar da ƙungiya ta nuna wa ɗan. Ta biyu ta ƴan shekara 16 zuwa 18 ce da ke sauya ƙungiya a cikin Tarayyar Turai da ƙasashen da ke kasuwa ɗaya da ita. Akwai kuma ƙofar yaron da ya yi gudun hijira ba tare da iyayensa ba, da ta ɗalibin da ya je musayar karatu na ɗan lokaci.

Wadda ta fi shafar jiharmu ita ce ƙofar iyaka. Idan gidan yaro bai wuce kilomita 50 daga iyaka ba, ƙungiyar da ke ɗaya gefen ita ma ba ta wuce kilomita 50 ba, kuma tsakaninsu bai haura kilomita 100 ba, yana iya buga mata wasa, da sharaɗin ya ci gaba da kwana a gidan iyayensa kuma hukumomin ƙasashen biyu su amince. Ɗan Matamaye ko ɗan Magariya zai iya cin moriyar wannan da ƙungiyar da ke wajen Daura ko Babura. Ɗan cikin garin Damagaram ya yi nisa da iyaka, Kano ma haka take ta nata ɓangaren.

Ko yaro ya dace da ɗaya daga cikin ƙofofin, ba dillali ko ƙungiya ke yanke hukunci ba. Hukumar ƙasar da za a kai shi ce take shigar da buƙata ta na'urar rajistar FIFA, wani sashe na kotun ƙwallon hukumar ya duba takardun haihuwa, na zama da na makaranta, sannan a ba da takardar sallama ta ƙasa da ƙasa. Tun 2015 ana neman wannan izini ga duk yaron da ya kai shekara 10, alhali a da sai daga 12.

Manyan ƙungiyoyi sun ɗanɗana kuɗarsu a kan wannan aya. A Afrilun 2014 aka hana Barcelona sayen ƴan wasa na zango biyu na kasuwar sauya sheka, aka ci ta tarar kuɗin Suwizalan 450,000. Real Madrid da Atletico Madrid sun bi sahu a Janairun 2016. A Fabrairun 2019 aka kama Chelsea da laifi a kan yara 29, ko da yake kotun wasanni da ke Lozan ta rage mata hukuncin zuwa zango ɗaya. Ƙungiyar da ta san wannan tarihi ba za ta aiko da mutum Garin Malam ya ɗauko mata ɗan shekara 15 a ɓoye ba.

Dillalai da yawa sun koma cewa gwaji za a je, don haka FIFA ta sa wa gwaji nasa ƙa'idoji. Yaron da ke wajen Turai ba ya zuwa gwaji wata ƙasa sai ya shiga kakar da zai cika shekara 16, da rubutaccen izinin iyaye, kuma bai wuce gwaji biyu a shekara. Ga ɗan wasa mai shekara 21 zuwa ƙasa, gwaji ɗaya a ƙungiya ɗaya bai wuce mako 8 a kaka. Abin da ya fi muhimmanci ga mahaifi shi ne an haramta neman kuɗi ko karɓarsa saboda gwaji. Shi kansa dillali, tun 2023, sai ya ci jarrabawar FIFA ya sami lasisi, kuma sunayen masu lasisin suna shafin hukumar na intanet, ana iya dubawa da wayar hannu kafin a gama shan ruwan baƙunta.

Akwai masu rage shekara ko ƙara ta a takardar haihuwa, abin da ke da sauƙi inda ake yi wa yara da yawa takarda bayan sun girma. Wannan ya taɓa jawo wa ƙasarmu abin kunya: a 2009 an kori ƙungiyar Nijar ta ƴan ƙasa da shekara 17 daga gasar Afirka da aka yi a Aljeriya saboda batun shekaru, bayan ta riga ta sami gurbin zuwa gasar duniya. Tun wannan shekarar ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru a gasar wannan rukuni.

A ganina dokar tana da wajen da ta yi son kai, domin ɗan shekara 16 na Fotugal yana iya shiga makarantar ƙwallo a Jamus, tsaransa na Damagaram kuwa sai ya jira shekara biyu a filin da babu ciyawa kuma babu likita. Sai dai kundin ya ajiye wa wannan jiran lada da ƙungiyoyinmu ba su cika nema ba. Ranar da ɗan wasa ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru a waje, sabuwar ƙungiyar tana biyan diyyar horo ga ƙungiyoyin da suka rene shi tun daga shekara 12, kuma da farashin ƙasar mai saye ake lissafi. A Turai ana ƙidaya yuro 10,000 kan kowace shekara daga 12 zuwa 15, daga nan kuma gwargwadon ajin ƙungiyar, inda aji na uku ke biyan 30,000, na ɗaya 90,000. Yaron da ya yi shekara 6 a wata ƙungiyar Damagaram, daga 12 zuwa 17, sannan ƙungiyar aji na uku ta ɗauke shi, ya jawo wa ƙungiyar Damagaram ɗin yuro 100,000, wato sama da miliyan 65 na sefa. Bayan haka, duk lokacin da aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa waɗanda suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23.

Tun Nuwamban 2022 wani ofishin FIFA da ke birnin Paris ne yake karɓar waɗannan kuɗi yana rabawa, kuma da tarihin rajistar ɗan wasa yake aiki. Shekarar da yaro ya buga ba tare da lasisin FENIFOOT ba, ba ta shiga lissafi, ko da malamin da ya saya masa takalmin farko yana nan da ransa kuma duk unguwa ta shaida.