Mene Ne Kwaikwayon Na'urar Magana?

Duk wanda ya taɓa buga wasan PSP a wayarsa ta Android ya riga ya yi hulɗa da emuleta. Manhaja ce da ke sa na'ura ta ɗauki halin wata, har shirin da aka rubuta wa tsohuwar ya yi aiki bai ma san an sauya masa gida ba. Wannan shi ne kwaikwayon na'ura. Yana da wani reshe da ba a cika jin labarinsa ba: kwaikwayon tsofaffin aisi masu magana. Aisi dai ita ce 'yar ƙwayar lantarkin nan da masu gyaran waya ke yawan ambata, sai dai waɗannan aikinsu fitar da murya.

A 1978 kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fitar da Speak & Spell, abin wasan yara mai koyar da harhaɗa kalmomin Turanci. Babu kaset a cikinsa, kuma a lokacin ma'ajiyar bayanai ta yi tsadar da ba za a iya adana cikakkiyar murya ba. Sai aka adana lambobi masu bayyana yadda ake furuci: ƙarfin sauti, kaifinsa, da siffar baki. Aisin da ke ciki, TMS5100, tana da tushen sauti biyu, gunji irin na maƙogwaro domin wasula, da huci domin baƙaƙe irin su "s". Takan bi da sautin ta matatar lissafi mai hawa 10, tana sauya lambobin sau 40 a daƙiƙa. Sunan dabarar LPC. Abin da ke fitowa murya ce ta hanci, kamar mai magana cikin gwangwani, amma ana ganewa.

Nan ne mutane kan rikita kwaikwayo da naɗa. Wanda ya naɗi muryar tsohuwar na'ura aku ya samu: abin da aka faɗa masa kaɗai zai maimaita. Mai kwaikwayo kuwa maƙogwaron da bakin yake sake ginawa da lissafi, ta yadda duk lambobin da aka ba manhajar za ta furta su yadda aisin za ta furta, har da kurakuranta. Kurakuran ma su ne gishirin aikin. Tsohuwar aisi tana datse lambobi tana zubar da ɓarɓashin lissafi, kuma daga nan kaushin muryar ya samo asali. Idan mai shirin ya gyara wannan don tausayi, to murya ta yi daɗi, kwaikwayo ya lalace.

Wahalar ita ce takardun kamfani ba sa faɗin duk abin da ke ciki. Shi ya sa masu aikin MAME, wanda aka fara a 1997 don adana tsofaffin injinan wasa, kan narkar da murfin aisi da asid, su ɗauki hoton cikinta da madubin ƙara girma, su karanta jadawalin lambobinta ɗaya bayan ɗaya. Wata aisi mai suna Votrax SC-01 ta fi ba su wuya, domin matatunta ba na lissafi zalla ba ne, na lantarki ne. Ita ce ke yin surutan banza a wasan Q*bert na 1982, kuma shekara da shekaru muryar naɗe aka riƙa maleji da ita kafin a iya kwaikwayonta.

Kada dai a sa ran jin Hausa mai kyau daga bakinsu. Misali, aisin SP0256-AL2 ta kamfanin General Instrument sautukan Turanci 59 take da su. Babu ƙ, babu ɓ, babu ɗ, balle karin sautin da ke raba ma'anar kalmominmu.

Amfanin abin bai tsaya ga wasa ba. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, ya rasa muryarsa a 1985, ya koma magana da na'urar CallText 5010. An sha kawo masa sababbin muryoyi masu santsi yana ƙi, domin waccan ta zama tasa. Da na'urar ta tsufa, kayan gyaranta suka yi wuyar samu, sai injiniyoyi suka kwaikwaye ta cikin 'yar kwamfutar Raspberry Pi. Ya fara amfani da ita a farkon 2018, ya rasu a watan Maris na shekarar.