Waiwaye: Yadda tabar Kuba ta zama haramtacciya a filayen jirgin Amurka

Tabar da ake magana a kanta ita ce mai kaurin nan da ake naɗe ganyenta da hannu, irin su Cohiba da Montecristo da Partagás, wadda mafi kyawun ganyenta ke fitowa daga yankin Pinar del Río a yammacin Kuba. Ana sayar da ita a fili a Landan da Dubai da Faris, amma shiga da ita Amurka laifi ne, ko da ƙwaya ɗaya ce.

Tushen abin siyasa ne. Bayan Fidel Castro ya karɓi mulki a 1959, gwamnatinsa ta ƙwace kamfanonin Amurkawa, Amurka kuma ta mayar da martani da takunkumi. A Fabrairun 1962 Shugaba John Kennedy ya rufe ƙofar cinikin baki ɗaya. Kakakinsa Pierre Salinger ya ba da labari daga baya cewa sai da shugaban ya sa shi ya sayo masa taba 1,200 ta H. Upmann, sannan ya sa hannu a takardar. A 1963 aka fitar da ƙa'idojin da ake aiki da su har yau, ƙarƙashin dokar hana ciniki da abokan gaba ta 1917, kuma OFAC, ofishin takunkumi na Ma'aikatar Baitulmalin Amurka, shi ne ke kula da su.

Daga nan dokar ta riƙa sauyawa da sauyin shugaba, abin da ke rikita matafiya ke nan. Kafin 2004, wanda ya je Kuba da izini yana iya dawowa da kayan dala 100. George W. Bush ya soke wannan. A Janairun 2015 Barack Obama ya yarda a shigo da taba da barasa na dala 100 daga Kuba, a Oktoban 2016 kuma ya cire iyakar, har da wadda aka saya a wata ƙasa, muddin ta amfanin kai ce. A Satumban 2020 Donald Trump ya maido da haramcin. Masu cewa "ai an halatta" yawanci labarin 2016 ne suka riƙe.

Abin da kwastam ke dubawa shi ne inda aka yi tabar. Inda aka saye ta ba ya canza komai, haka ma fasfon mai ɗauke da ita. Wanda ya taso daga Abuja ya yada zango a Doha, ya ɗauki kwali a shagon filin jirgi don tsaraba, dokar ta hau kansa da zarar ya sauka a Amurka, kuma rasit ɗin shagon shaida ne a kansa. Kwalin kansa yana tona asiri, don akwai hatimin Habanos, kamfanin da ke fitar da tabar Kuba, a jikinsa da koren tambarin gwamnatin Kuba. Wasu kan cire zoben takardar da ke jikin kowace ƙwaya su juye a wani kwali. Wannan dabara ƙara nauyin laifin take yi, domin an tashi daga kuskure an koma ɓoyewa da gangan. Akwai kuma Cohiba da Montecristo da ake yi a Jamhuriyar Dominika don kasuwar Amurka, sunan iri ɗaya ne amma kamfani daban, waɗannan halas ne.

Hukuncin hawa-hawa ne. Wanda ya bayyana abin da ke jakarsa, galibi ƙwacewa ake yi, kuɗinsa ya tafi. Wanda ya ɓoye yana iya fuskantar tara, a kuma rubuta sunansa, a riƙa tsananta masa bincike duk lokacin da ya zo. Tarar OFAC tana iya haura dala 100,000 a kan laifi guda, ana kuma ƙara ta lokaci-lokaci. Idan an kai ga kotu bisa laifin ganganci, wanda yawanci masu safara don sayarwa ke faɗawa ciki, doka ta tanadi tara har dala miliyan 1 da ɗauri har shekara 20. Wadda aka saya ta intanet aka aiko ta gidan waya ita ma a hanya ake tsare ta.